Ina son koyar da kurame, Baba ya ce sai aikin jinya

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 20, na gama sakandare, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Autanmu shekararsa 6. Sanƙarau ya kama shi yana ɗan shekara ɗaya da rabi, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma tun daga lokacin ba ya ji. A gida da nuni muke yi da shi: zo, tafi, ci, bari. Idan yana son wani abu muka kasa ganewa sai ya yi ta kuka yana jifa da kaya, a ce rigima ta yi masa yawa. Har yanzu ba a sa shi makaranta ba. Ni na fara koyon haruffan hannu a YouTube, kuma raina ya kwanta da in karanci koyar da kurame. Baba ya ce a'a, makarantar koyon aikin jinya zan je, don ita ce mai aiki da albashi. Gwaggona ta ce wadda ta saba da bebaye ba ta samun miji, in ma ta samu bebaye za ta haifa. Wata maƙwabciyarmu kuma ta gaya wa Mama mu daina yi masa nuni, wai shi ke kashe masa harshe. Ina kuma son buɗe gidauniya da shafi a Facebook don kare haƙƙin kurame. Anti, akwai abinci a wannan karatun? In bijire wa Baba ne ko in haƙura?

Yayar auta, daga Katsina

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ƙara wa autanku lafiya, ya yi miki albarka.

Karatun da kike so karatu ne na gaske, ana cin abinci da shi ko da ba a yin arziki, kuma ba sai kin bijire wa Baba ba kafin ki kai gare shi. Zan zo kan wannan. Amma bari in fara da abin da kika ambata a tsakiyar wasiƙa kika wuce, wato yaron nan mai shekara 6 da yake zaune a gida. Karatunki zai iya jiran shekara guda bai lalace ba. Shi ba zai iya jira ba.

Dubi sa'anninsa masu ji. Sun san dubban kalmomi, suna ba da labari, suna shirga ƙarya, suna damun uwa da “me ya sa”. Shi kuwa abin da yake da shi a hannu zo, tafi, ci, bari. Yana da tunani kamar kowane yaro, yana jin haushi, yana jin tsoro, yana son ya ce wane ne ya ƙwace masa abu, babu hanyar fitar da shi. Kukan nan da jifa da kaya da kuke kira rigima, ita ce maganar da ta rage masa. Shekarun farko na rayuwa, musamman biyar na farko, su ne lokacin da ƙwaƙwalwar yaro take ɗaukar harshe ba tare da wahala ba, kuma ba ruwanta da ta kunne ya shigo ko ta ido. Yaron da ya wuce waɗannan shekaru babu cikakken harshe ko ɗaya yana iya koya daga baya, sai dai da jan ƙafa, kuma abin yakan bi shi har cikin karatu da lissafi. Naku bai makara ba, amma kowane zango da ya wuce yana gida asara ce.

Maƙwabciyarku ta faɗi abin da manyan malaman Turai suka taɓa faɗa da babbar murya. A 1880 an yi taron malaman kurame a birnin Milan na Italiya, aka yanke cewa a daina koyarwa da hannu, a tilasta wa yara karanta leɓe da furta sauti. Kusan duk waɗanda suka zauna a taron masu ji ne. Abin da ya biyo baya shi ne aka sallami malamai kurame daga azuzuwa, aka riƙa horon yara idan an kama su suna magana da hannu, aka yaye ɗalibai da suka ɓata shekaru suna koyon furta kalmomi ba su koyi tarihi ko lissafi ba. Sai a 1960 wani malami a Gallaudet, jami'ar kurame da ke Washington a Amurka, mai suna William Stokoe, ya nuna cewa maganar hannu harshe ce cikakkiya mai nahawunta. A 2010 kuma wannan taro na malaman kurame, da ya zauna a Vancouver ta Kanada, ya fito fili ya yi watsi da hukuncin Milan. Shekara 130 aka yi kafin a janye. Ki gaya wa Mama a hankali cewa abin da ya hana autanta magana rashin jin sauti ne, hannu bai yi masa komai ba. Yaron da yake da harshen hannu ya fi saurin koyon rubutu, har ma da furuci idan yana da sauran ji, domin yana da abin da zai ɗora sabon a kai.

A kai shi a gwada kunnen. Kurumta hawa-hawa ce, kuma mutane da yawa da ake cewa ba sa ji sam suna da ɗan saura. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya. Za su auna kowane kunne su ba ku takarda, daga nan za a san ko na'urar ƙara ji za ta amfane shi. Kada a sayi na'ura a kasuwa a maƙala masa, ana daidaita ta ne da awon kunnen mutum. Akwai aikin dasa na'ura a can cikin kunne, amma kuɗinsa miliyoyin naira ne, kuma sanƙarau yakan sa wurin ya daskare ya zama ƙashi bayan wani lokaci, don haka likita ne kaɗai zai ce ko zai yiwu. Ko me awon ya nuna, kada a ce sai an gama neman magani sannan a koya masa harshe. Iyalai da yawa sun yi shekaru suna yawo tsakanin asibiti da masu magani, suna ɗiga abubuwa a kunnen yaro, har ya girma ba ji ba harshe.

Yanzu ke. Haruffan da kike koya a YouTube suna da amfani, da su ake rubuta suna ko kalmar da ba ta da alama. Amma wanda ya haddace su ya ce ya iya maganar kurame, kamar wanda ya haddace ABCD ne ya ce ya iya Turanci. Kurame ba sa zama suna jera haruffa a hirarsu. Alama guda takan ɗauki ma'anar da baki zai faɗa da kalma uku, ɗaga gira na mai da magana tambaya, inda kika ajiye mutum a sarari gabanki nan za ki koma ki nuna duk lokacin da kika sake ambatonsa. Mu da aka tarbiyyantar da kawar da kai da sunkuyar da ido a gaban manya, nan muke shan wuya, domin a wannan harshe kallon fuska wajibi ne, kawar da ido kuwa daidai yake da toshe kunne.

Sannan ki sani harshe biyu ne a gabanki. Akwai maganar hannu ta ƙasar Hausa, wadda kurame suke gada daga kurame a kasuwa da tasha da majalisar unguwa, tun kafin a gina makarantar kurame ko ɗaya a Arewa. A Kano har sarautar Sarkin Bebaye akwai. Wata Bajamushiya mai nazarin harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano a shekarun 1990 ta yi nazarin wannan harshe, aikinta ya fito a 2000. Akwai kuma harshen makaranta, wanda tushensa na Amurka ne. Wanda ya fi kowa yaɗa shi a Afirka Andrew Foster ne, Ba'amurke baƙar fata kuma kurma, ɗan mishan, wanda ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, ya buɗe a Ibadan a 1960, ya ci gaba har ya kafa makarantu fiye da talatin a ƙasashen Afirka kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Ɗalibansa da ɗaliban ɗalibansa ne suka cika makarantun kurame na Najeriya, shi ya sa abin da ake yi a aji yake kama da na bidiyon da kike kallo, duk da cewa ya sha bamban da shi a wurare da yawa, don kuramen Najeriya sun mai da shi nasu. A Arewa ma da aka buɗe makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano a 1977, wannan harshen ne ya shiga aji.

Ga inda matsalar take. Yaro zai je makaranta ya koyi alamomin da aka ɗaura da kalmomin Turanci, ya dawo hutu gidan da ba a jin Turanci kuma ba a iya hannu. Ya sami abokai da harshe a makaranta, ya zama baƙo a ɗakin uwarsa. Wasu 'yan boko daga cikin kurame ma sukan raina maganar hannu ta gida, su ce ta marasa ilimi ce, kamar yadda wasunmu suke yi wa Hausa. Ni a ganina malama Bahaushiya da ta iya duka biyun ta fi wadda ta iya na makaranta kaɗai amfani nesa ba kusa ba, domin ita ce za ta iya tsayawa tsakanin yaro da iyayensa, ta kuma karɓi ɗan shekara 9 da aka kawo daga ƙauye da alamomin gidansu ta gane abin da yake faɗa.

Wurin koyo kuwa wurin masu harshen ne. Kusan kowane babban gari yana da inda kurame suke taruwa, kuma Ƙungiyar Kurame ta Ƙasa tana da rassa a jihohi. Ki je makarantar kurame mafi kusa da ku ki tambayi malama kurma, ko ki nemi ɓangaren mata na ƙungiyar. Ki tafi da Mama ko wani ƙaninki, kada ki riƙa zuwa majalisar maza ke kaɗai, a ba gwaggonki abin faɗa. Idan kin sami wadda za ta koya muku, ku biya ta kamar yadda ake biyan malamin lesin, kada a ɗauka alfarma aka yi mata da aka zo koyon harshenta. A kawo ta gida in zai yiwu, ta zauna da ku duka. Autanku ya ga babbar mace kurma mai aiki, mai aure, mai 'ya'ya. Mama ma tana bukatar ganin wannan fiye da yadda kike zato.

Batun makaranta. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke garin Oyo, wadda aka kafa a 1977, aikinta ke nan kacokan, tana ba da NCE, kuma ɗalibai kurame suna da yawa a cikinta, don haka harshen yana kewaye da mutum dare da rana. Sai dai na san Oyo ta yi wa Baba nisa. Jami'ar Bayero ta Kano tana da sashen ilimin masu bukata ta musamman, haka Jami'ar Jos da ta Ibadan. Ta JAMB ake shiga kamar kowane kwas, bayan an gama kuma a yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. Idan za ki zaɓa, ki haɗa da darasin koyarwa mai ƙarfi. Malaman lissafi da kimiyya da suka iya hannu sun yi ƙaranci ƙwarai, ke kuma da Baba yake hango miki aikin jinya na ɗauka ajin kimiyya kika yi.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai. Takardar shaida ba ta ba mutum harshe. Ana iya gama digiri a wannan fanni da sakamako mai kyau, a san sunan kowane sashe na kunne, a kasa hirar minti biyar da kurma. Irin wannan malamin shi ne yake shiga aji ya cika allo da rubutu ya juya baya, yara su kwafe tsaf da kyakkyawan rubutu ba su san me suka rubuta ba. Kuma aikin yana da wuya ko ga wanda ya iya. Yaro mai ji yana koyon karatu ne ta haɗa harafi da sautin da ya riga ya sani. Ɗalibinki bai taɓa jin sautin ba, kuma Turancin da ke cikin littafin harshe na biyu ne gare shi. Dole ki fara gina ma'anar da hannu, da hoto, da abin da zai taɓa, sannan ki kai shi ga rubutu. Aji guda kuma za ki tarar da ɗan shekara 7 da ɗan shekara 14, da wanda aka haifa kurma, da wanda ya yi magana kafin ciwo ya same shi. Wanda tausayi ne kaɗai ya kawo shi yakan gaji a shekarar farko, ko kuma ya zauna yana rage wa yara darasi yana cewa ai sun yi ƙoƙari, wanda shi ne mafi muni.

Ki kuma bambanta ayyukan, don mutane suna cakuɗa su. Malama daban, tafinta daban, mai awon ji daban. Tafinta ba ta koyarwa kuma ba ta ba da shawara, tana isar da abin da aka faɗa ne kamar yadda aka faɗe shi, a kotu ko asibiti ko ɗakin lacca, ta kuma riƙe sirri. Suna da ƙungiyarsu ta ƙasa. Mutane da yawa suna haɗa koyarwa da tafinta, kuma nan ne ɗan ƙarin kuɗi yake shigowa.

To, akwai abinci? Baba bai yi ƙarya ba. Ma'aikaciyar jinya ta fi malamar makaranta saurin samun aiki, kuma albashin malamin kurame albashin malami ne, kin san yadda yake. Abin da ke gefenki shi ne ƙarancin masu yi. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a sa maganar hannu cikin manhajar makarantu, ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar magana da majinyacin da ba ya ji, ta ware kashi 5 cikin ɗari na ayyukan gwamnati ga masu bukata ta musamman, kuma a 2020 aka kafa hukumar ƙasa da za ta kula da hakan. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, kada ki gina rayuwarki a kan takardar doka. Amma duk inda aka motsa, a gidan talabijin ko jami'a mai ɗalibai kurame ko taron ƙungiyoyin agaji ko lokacin zaɓe, mai hannu ake nema, kuma mata masu hannu da ke jin Hausa ba su da yawa. Aikin tafinta na zuwa ne yau akwai gobe babu. Albashin koyarwa shi ne gindi.

Akwai hanya ta uku da ba ki kawo ba. Ma'aikaciyar jinya da ta iya maganar hannu. Ki yi tunanin mace kurma a ɗakin awo ko kan gwiwa, ana tambayarta abin da ba ta son kowa ya ji, kuma tafintanta ɗanta ne ɗan shekara 10 ko uwar mijinta. Ki yi tunanin wanda aka ba magani aka yi masa bayani da baki, ya gyaɗa kai don kunya ya tafi. Idan ƙarshe Baba ya tsaya a kan bakansa, ba ki yi asarar burinki ba, kin canza masa wuri ne. Ban kawo wannan don in sanyaya miki gwiwa ba. Na kawo ne don ki tambayi kanki ko aji kike so, ko kuwa ƙaninki kike so ki yi magana da shi. Duka biyun halal ne, amma na biyun ba ya bukatar digiri. Hanyar ganewa ita ce ki nemi izinin Baba ki riƙa zuwa makarantar kurame kina taimakawa kyauta na zango ɗaya ko biyu. In kin ga hayaniyar, da ƙarancin kayan aiki, da ranar da kika yi bayani sau biyar ba a gane ba, kuma gari ya waye kina ɗokin komawa, to ke malama ce.

Game da Baba, ban yarda ki bijire masa ba, ba don addini da tarbiyya kaɗai ba. Shi zai biya kuɗin makaranta, kuma shi ne zai yanke ko a sa autanku a makaranta. In kika mai da abin gardama, yaron ne zai fara biya. Uba irin naku tsoro yake ji kada ya kashe kuɗi 'yarsa ta dawo ta zauna. Ki amsa wa tsoron. Ki je masa da sunan makaranta, da shekarun karatu, da inda ake aiki bayan an gama. Ki sa wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa ko limamin unguwa, ya yi masa maganar, don akwai abin da uba ba ya karɓa daga bakin 'ya ko da gaskiya ne. In mai son hujjar addini ne, malaman fiƙihu tun da daɗewa sun karɓi ishara sananniya ta wanda ba ya magana a matsayin furuci, a ciniki da aure da saki. A tambaye shi kuma, cikin ladabi, wa zai koya wa yaron nan alwala da salla da sanin Ubangijinsa, kuma da wane harshe. Amma abin da na fi sa rai zai juya shi ba hujja ba ce. Ranar da za a kai auta makaranta, a roƙe shi ya je da kansa, ya ga yara irin ɗansa suna lissafi a allo suna musu da malami. Kada ki ce masa komai a hanyar dawowa.

Gwaggo kuwa, a ba ta girmanta a wuce. Kurumtar da sanƙarau ya kawo ba a gadonta, ba a kuma ɗaukarta ta zama da mutum. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na yara kurame iyayensu masu ji ne. Abin da ke kurumtar da yaranmu da yawa sananne ne: sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawarar jarirai da aka yi sakaci da ita, ciwon kunne mai zubar da ruwa da aka bari ya daɗe, da wasu allurai masu ƙarfi da ake yi ba bisa ƙa'ida ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin ɗari na rashin ji a yara ana iya kauce masa. Namijin da zai fasa aurenki don kina koyar da kurame ya rage miki aiki.

Saura gidauniya. A ajiye ta tukuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kurame ba su rasa shugabanni ba. Suna da ƙungiyoyi, suna da masu digiri, suna da abin da suke nema tun kafin a haife ki. A 1988 ɗaliban Gallaudet sun rufe jami'ar da zanga-zanga saboda an sake naɗa musu shugaba mai ji, ba su buɗe ba sai da aka naɗa kurma, I. King Jordan, na farko tun kafa makarantar a 1864. Abin da suka ƙi shi ne a riƙa yi musu magana a madadinsu. Kina kuma iya tuna abin kunyar da ya faru a taron makokin Mandela a Disambar 2013, inda wani ya tsaya kusa da shugabannin duniya da sunan tafintan kurame yana wurga hannu ba ma'ana, masu ji suna kallo suna ganin ana aiki, kurame ne kaɗai suka san ba ya cewa komai. Mai wata uku da fara koyo da ya buɗe shafi yana koyar da alamomi ƙaramin irin wannan ne, ko da niyyarsa mai kyau ce. Ki bari masu harshen su koyar, ke ki yaɗa nasu.

Kuma don Allah kada ki sa bidiyon autanku yana kuka da kiɗan tausayi a ƙarƙashi. Zai girma, zai iya karatu, zai gani.

Aikin da ya dace da ke a yanzu yana kusa. Ki tambayi ƙungiyar kurame ta jiharku me suke bi, ki bi da su: tafinta a wurin huɗubar Juma'a da tafsirin azumi, tafinta a babban asibiti, rubutu a ƙasan bidiyon sanarwar gwamnati, ajin koyon hannu na iyaye a makarantar kurame. Ke mai ji ce kuma mai Hausa, za ki iya shiga gidan suna da islamiyyar matan aure ki yi maganar allurar rigakafi da gwada kunnen jariri, ki gaya wa uwar da ta ɓoye ɗanta kurma a ɗaki cewa akwai makaranta. Manyan abubuwa irin amincewar hukuma da harshen suna zuwa ne bayan doguwar tafiya. Uganda ta ambaci maganar hannu a tsarin mulkinta na 1995, Kenya a na 2010, Afirka ta Kudu kuma ta mai da tata harshen hukuma na 12 a 2023, kuma duka kuramen ƙasashen ne suka ja gaba. Ranar 23 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar harsunan hannu ta duniya, ƙungiyoyi sukan yi taro a makon. Ki je a matsayin ɗaliba.

Idan makarantar da kuka samu ta kwana ce, a duba ta da kyau kafin a bar ɗan shekara 6. A ga ɗakin kwana, a san wa ke kula da ƙanana da dare, a tambaya ko akwai malamai kurame, kuma ki tsaya ki kalli aji guda ki ga ko malamin yana hira da yaran ko allo kawai yake cikawa. Yaron da ba shi da harshe ba zai iya faɗin abin da aka yi masa ba, don haka in akwai ta jeka-ka-dawo a kusa, ita na fi so a shekarun farko. Kafin a kai shi, ki koya masa alamar sunansa, da ta Mama, da ta gida, da ta ciwo, da yadda zai nuna “ba na so”. Ki rubuto mini bayan an yi awon kunnen, ki faɗa mini abin da takardar ta ce da abin da Baba ya ce.